Kaset ɗin Minshari

Duk wanda na ba labarin nan sai ya kama minsharin ya riƙe. Yarinya 'yar shekara uku da minshari kamar direban tirela, sai a yi dariya, daga nan kowa ya kawo nasa maganin. To ni minsharin bai taɓa damuna ba. Da za ta kwana tana yinsa ba tsayawa, da ni ma na samu barci. Abin da ya hana ni sakat shi ne inda yake katsewa. Tana cikin ja, sai ɗif. Ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka, ramin wuyanta yana lotsawa, amma babu iskar da take shiga. Sai can ta yi wata irin shaƙa kamar wadda aka tsamo daga ruwa, ta juya, ta ɗora daga inda ta tsaya. Wannan ɗif ɗin nake nufi, kuma na rasa wanda zai saurare shi tare da ni.

A Guangzhou muke a lokacin, ba a daɗe da mayar wa China da Hong Kong ba. Mijina yana saya wa 'yan kasuwar Kano kaya, ya haɗa, ya kai wa masu kago su ɗora a jirgi. Gidan da muka kama yana can saman bene kusa da filin jirgin Baiyun, ɗaki da falo, babu lif, jirage suna wucewa ta kanmu har murfin tukunya ya yi rawa. Da an yi asuba zai fice zuwa Shahe, don kasuwar tufafi da wuri take ci, ba zan sake ganinsa ba sai bayan isha, wani lokacin da baƙi a bayansa suna son tuwo. Tsakanin nan daga ni sai ita. Matan Hausawa a garin, in akwai, ban san inda suke ba. Idan na sauka sayen albasa sai a kewaye mu, tsofaffi suna taɓa kitson yarinyar suna magana a tsakaninsu. Kalmomin da na iya ba su wuce gaisuwa da godiya ba, sai lawban, wato mai shago, sai meyo, wato babu. Meyo na fara koya don ita aka fi faɗa mini. Daddawa meyo, kuka meyo, kanwa meyo.

Ita ce 'yata ta fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi sai ta kawar da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Ni ma 'yar fari ce a wajen Inna, kuma har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da a gida muke, da tun yaye an kai yarinyar wajen kakarta, ita za ta riƙa kwana da ita, ita za ta ji abin da nake ji, kuma ita babu mai ce mata ta cika zaƙewa. Amma kunya sai da mutane. Sai in akwai wata mace a tsakar gida da za ta ɗauka a madadinki. A saman benen nan wa zan kawar wa kai? Rabin al'adar na riƙe, ba na kiran sunanta, "ke" nake ce mata. Sauran kuwa na zubar.

Da rana baki buɗe take yawo. Abinci sai ta ajiye a kumatu ta daɗe ba ta haɗiye ba, nama kuwa ko kusa. Ba ta ƙiba. Kwanciyarta ma ba irin ta yara ba ce, ko ta banƙare wuya baya, ko ta kifa ta ɗaga baya sama kamar mai sujada, filo ya jiƙe da gumi ko da sanyi ake yi. Ta tashi da safe a gajiye, abu kaɗan sai kuka.

Na gaya wa babanta har na gaji da jin muryata. Ya ce gado ne, duk gidansu haka suke, mahaifinsa in ya kishingiɗa a zaure har masu wucewa sai sun waiga. Na ce ya tashi ya gani da idonsa. Ya yi alkawari, da gaske kuma yake, amma mutumin da ya wuni yana hawa benayen kasuwa da buhu a kafaɗa, da kansa ya taɓa filo shi ke nan. Sau ɗaya na jijjiga shi da ƙarfi. Kafin ya buɗe ido ya gane inda yake, ta riga ta shaƙa ta koma minsharinta. Ya dube ta, ya dube ni.

"Dakta, ga ta nan lafiya lau. Ki kwanta don Allah."

Tun daga nan Dakta ya zama sunana in yana jin tsokana. Ni da na gama sakandare da ƙyar.

Matar da take da shago a ƙasan benenmu ma ta sa baki, da hannu da ka, ta nuna maƙogwaro ta nuna rana, wai zafi ne ya yi mata yawa a jiki. Ta ba mu wani baƙin shayi mai ɗaci kamar maɗaci. Yarinyar ta kurɓa ta tofar a zanena.

Sai lokacin baje koli ya zo, wanda ake yi sau biyu a shekara, garin ya cika da baƙi. Cikin masu zuwa akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, babbar mace, takalma take ɗauka. A otal take sauka amma ba ta yarda da girkinsu ba, don haka kullum da yamma tana kicin ɗina. Jiran zuwanta nake kamar jiran sallah. Ita kaɗai ce macen da zan yi Hausa da ita har in manta a wace ƙasa nake, ko da yake Hausarsu ta Gana ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Na kwashe komai na gaya mata. Ta kira yarinyar, ta danne mata harshe da gindin cokali, ta leƙa.

"Beli ne. Ba a cire mishi ba?"

Na ce an cire, tun kafin suna wanzami ya zo. Ta ce to bai cire duka ba, ya sake tsirowa, ta ga irin haka ba sau ɗaya ba. A kai shi gida wajen kakanshi, wanzami ya ƙarasa aikinshi. Sannan ta rage murya, tana juya miya ba ta kalle ni ba.

"Ƙanwata, ɗan fari ne fa. Ki rage ido a kanshi. Zaman kaɗaicin nan yana sa mutum ya ji abin da babu."

Da wani ne ya faɗa da na mayar masa. Da yake ita ce sai na ci gaba da yanka kabeji.

Abin haushin shi ne a gaban mijina ta maimaita, shi kuma ya kama. Dama zai je Kano da an tashi daga baje koli. Ya ce zai tafi da yarinyar ya bar wa mahaifiyarsa, a duba belin, ta sha iskar gida, ni kuma in samu in yi barci. Yadda ya faɗe shi kamar kyauta yake ba ni. Na ce babu wanda zai sa wa yarinyar nan aska a maƙogwaro sai likita ya gani. Muka yi ta ja. Daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa za a je asibiti, in likita ya ce akwai abu a bi maganarsa, in ya ce babu in rufe bakina ta bi babanta. Na yarda da sauri don na tabbata da abin da nake ji.

Asibitin kamar tasha. A can ba a jira a waje, masu layi har cikin ɗakin likita suke tsayawa suna kallon wanda ake dubawa. Likitar mace ce, ta kunne da hanci da maƙogwaro, da wani madubi zagayayye a goshi. Turancinta bai fi nawa ba, wannan ya sa muka fahimci juna. Ta leƙa bakin yarinyar, ta ɗauki biro ta zana ƙululu biyu sun kusa haɗuwa, ta ce su ne a gefe da gefen maƙogwaro, sun yi girma. Amma yara da yawa haka suke, kuma suna raguwa da kansu. Ba a cirewa sai in suna tsayar da numfashi cikin barci. Na ce ai shi ya kawo ni. Turancin ya ƙare mini, sai na gwada mata. Na yi minshari, na tsaya, na kama wuyana, na zaro ido, na shaƙa. Masu layi suka kwashe da dariya. Mijina ya sunkuyar da kai. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai ɗakin da ake kwantar da mutum a manna masa wayoyi a auna barcinsa, amma gadajen kaɗan ne, manya sun cika su, ba za ta iya tura yarinya can da baki kawai ba. In fara yin gwajin a gida. In samu rikoda, in ajiye kusa da bakinta in barci ya yi nauyi, in kashe fanka, in cika fuska ɗaya ta kaset in kawo mata.

A hanya mijina har da fara'a, don an shigo fagensa. Rikoda tana cikin kayan da yake turawa. Muna da wata tsohuwa babba mai hannu, na ce da ita zan yi. Ya ce wannan tarkacen da take ɗaukar ƙarar kanta? Washegari ya dawo da sabuwa 'yar ƙarama, tafin hannu ta ɗan ɗara, samfur ce wani lawban ya ba shi, irin wadda 'yan jarida suke riƙewa. Duk rubutun jikinta da Sinanci yake. Shi ya sa batir, shi ya daidaita maɓallan, ya yi sallama a ciki ya kunna muka ji muryarsa tas. Ya ce wannan ko numfashin sauro za ta ɗauka.

Na kore shi falo da nasa minsharin, na kashe fanka, na jira jirage suka lafa. A daren nan ta tsaya sau da yawa, wasu ma dogaye, kuma Allah ya yafe mini, daɗi nake ji, don na san yau akwai shaida. Kaset ɗin ya daɗe bai ƙare ba, na ɗauka ni ce na ƙagu. Da safe na mayar da shi farko na saurari kaɗan, na ji ya ɗauka ras, na kashe. Abin da na kwana ina ji ba sai na sake ji ba.

Da muka koma asibiti, likitar ta sa abin saurare a kunne. Ta saurara, ta tura gaba, ta saurara, ta sake turawa. Ta ba shi lokaci fiye da yadda masu layi suka so, har wani tsoho ya fara ƙunƙuni. Sannan ta cire ta girgiza kai.

"Meyo."

Ta ƙara da Turanci, wai minshari akwai, tsayawa babu. Na ce ba zai yiwu ba. Ta miƙo mini abin na sa a kunnena. Minshari ne yake tafiya kamar injin niƙa, ba rami ba tsayawa. Nan da can sai a ji sautin ya ɗan ja, wuuu, kamar batir ya yi sanyi, sai shaƙar nan tata, sai minshari ya ci gaba. Shirun da na zauna a cikinsa da idona biyu babu shi ko ɗaya. Na ce ta tura gaba. Ta tura. Na ce ta ƙara. Mijina ya taɓa gwiwar hannuna. Likitar ta ce wataƙila daren ne ya zo da sauƙi, ta rubuta maganin ɗigawa a hanci, ta ce mu dawo in an kwana biyu ba ta canza ba. Sannan ta nuna ƙasan idona da biro ta tambaye ni ko ina barci.

Da ya yi mini dariya a bas da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Lallashi ya yi ta yi, wai ai abin godiya ne, wa yake so a ce ɗansa ba shi da lafiya. Na juya ina kallon taga har muka sauka.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni da na yi a ƙasar nan. Lokacin laima ne, bango yana gumi, madubi yana gumi, wanki ya kwana uku a igiya yana wari bai bushe ba. Na daina yarda da kunnena. Zan zauna ina kallonta ta tsaya, ƙirjin yana fama, sai in ce wa kaina wataƙila haka kowane yaro yake, wataƙila ƙiftawar ido ce ni nake mayar da ita doguwa. Inji ya ce babu, likita ta ce babu, Hajiya ta ce babu. Ni wace ce? Na fara ninke mata kayan tafiya. Wani lokacin in tsaya da riga a hannu ina tunanin yadda falon nan zai zama tsakanin asuba da isha in ta tafi.

Inna ba ta da waya, ba ta karanta boko, don haka kaset muke yi. Duk mai zuwa Kano sai in ba shi, mai dawowa ya kawo nata. Kuma ba ita kaɗai take ji ba, tabarma ake shimfiɗawa bayan magariba gida duka a taru, har maƙwabta. Dole ki gaida kowa bi da bi, daga manya zuwa yara, in kika tsallake mutum ɗaya sai kin ji ƙorafi a kaset na gaba. Ita ma in ta yi nata, gaisuwa ce da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai ta rufe da a gaida mutanen gidan. Ni da jikarta muna cikin mutanen gidan.

Tunda baban yarinyar zai tafi, na ce bari in yi wanda zai kai. Ranar Hajiya ta ɗauki yarinyar sun fita, wai za ta saya mata takalmin zuwa gida. Gidan ya yi tsit. Na ɗauko sabuwar rikodar, don ita ce a kusa, na zauna a ƙasa na jingina da kujera. Na yi sallama, na gaida Baba, na gaida Inna, na bi ɗaki ɗaki har na zo kan 'ya'yan yayyena. Sai na zo inda ya kamata in ce ga yarinya nan zuwa gidan su babanta, don Allah a gaya wa wadda za ta kwana da ita ta riƙa saurare, kada a bari a kai ta wajen wanzami. Na buɗe baki ya ƙi. Ni da aka sani da faɗin abin da ke raina tun ina firamare. Amma 'yar fari ta zauna tana yi wa uwarta maganar tata 'yar farin, a gaban gida duka? Na hango fuskar Inna tana kallon gefe, na hango matan yayyena suna haɗa ido. Na yi shiru. Na daɗe a haka, hawaye yana zuba ba sauti, har hasken tagar ya tashi daga ƙafata ya hau bango. Daga ƙarshe na share fuska na ce, to, sauran bayani sai ya zo, a gaida kowa da kowa. Na kashe.

Sai na ce wannan shirun ba zai je Kano ba. In suka ji shi za su ce auren ne ba lafiya. Na mayar baya in nemo inda ya fara don in goge. Na kunna. Na ji kaina ina gaida autan yayata, sai wuuu kaɗan, sai "to, sauran bayani sai ya zo". A manne, kamar numfashi ɗaya na yi. Na sake mayarwa, na sake ji. Babu.

Na ɗaga rikodar daidai idona na danna ɗauka. Na ce "ɗaya". Ƙafafun kaset ɗin suna juyawa ta cikin 'yar tagar. Na kame bakina. Suka ɗan ƙara juyi, suka tsaya cak, jar fitilar tana ƙiftawa. Na jira. Na ce "biyu". Suka tashi.

Ba murna na yi ba. Saura kaɗan in wurga ta ta taga, abin da ya hana ni kawai kada ta faɗa kan wani. Na juya ta na duba, ga wani ɗan maɓalli a gefe, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, da rubutunsu a kai. Na tura shi ɗaya ɓangaren na sake gwadawa, ƙafafun suka yi ta juyawa ina shiru.

Da mijina ya dawo ban bari ya cire takalmi ba. Na ce maɓallin nan na mene ne. Ya karɓa ya duba, fuskarsa ta saki.

"Ai shi ne amfaninta, Dakta. Lawban ya ce ba ta cin kaset a banza. Da an yi shiru sai ta tsaya da kanta, sai an..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da rikodar a hannu, ya dubi ƙofar ɗakin da yarinyar take kwance. Ya zauna a hannun kujera ya yi salati a hankali.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ya yarda kaset ɗin bai nuna komai ba, amma ya ce hakan bai nuna akwai abu ba kuma, mun dai koma inda muka fara. Ga baje koli a kwanakinsa na ƙarshe, baƙi a wuyansa, kaya ba a gama ɗaurewa ba, ba shi da yinin da zai kashe a layin asibiti. Ga shi ya riga ya aika wa tsohuwarsa cewa jikarta tana tafe, da wane baki zai ce an fasa? Ya ce in sake ɗauka mu ji. In ya fito a fili, to. Ba faɗa yake ba, a gajiye yake magana, idonsa ja. Na ce zan sake.

Ban jira dare ba. Washegari bayan azahar da ta kwanta, na manne maɓallin da salatif don kada ya motsa, na ajiye rikodar kusa da bakinta. Na ɗauko tsohuwar rikodar ma na ajiye, ko da ƙarar kanta. Na zauna a bakin katifa har kaset ya ƙare ya buga. Wannan karon na shiga kicin na rufe ƙofa na saurare shi duka, daga farko har ƙarshe.

Shirun yana nan. Na ji minsharin ya ɗauke, ɗif, kamar a gabana take. Amma bai yi nisa ba sai na ji motsin zane, sai wata murya ƙasa ƙasa ta ce "ke". Sai shaƙa. Aka jima ya sake ɗaukewa, sai motsin zane, sai "ke". Haka har ƙarshe. Muryata ce. Ashe duk lokacin da ta tsaya hannuna yana kai wa kafaɗarta ya girgiza, bakina ya kira ta, ban san ina yi ba. Ban san tun yaushe nake yi ba. Wataƙila daren farko ma na yi, rikodar ba ta kama ba ko ta haɗe shi da shaƙar. Shirun da ke cikin wannan kaset ɗin gajeru ne, irin wanda likita za ta iya cewa juyi kawai ta yi.

Ba ta tashi ba tukuna, don haka na juya kaset na koma. Na zauna a kan hannuwana, da gaske, na danne su da cinya, na cije leɓe. Ta tsaya. Na kalli ramin wuyan nan yana shiga yana fita. Na jure na farko har ta shaƙa da kanta, kuma ya fi duk yadda nake zato tsawo. Na biyu na jure rabi. A na uku ban san lokacin da hannuna ya fita ba, sai ganinsa na yi a kafaɗarta. Na kashe rikodar. Wannan gwajin ba na uwa ba ne, ko kuma ba na irina ba ne. An ce in zauna ni kaɗai a ɗaki in bar ta ta rasa iska don kaset ya samu abin ɗauka, kuma babu wanda zai ce mini ya isa haka, taɓa ta.

Da daddare na gaya masa, ba shawara nake nema ba. Na ce yarinyar nan ba za ta hau jirgi ba sai likitar ta gan ta tana barci da idonta, in ya so ya ce wa tsohuwa ni ce na hana, na ɗauka. Ya ce ba zai samu zuwa ba. Na ce ban ce ya zo ba, ya rubuto mini lambar bas kawai, katin asibitin yana jakata zan nuna wa direba.

Ga abin da na shirya. Zan tashe ta da asuba lokacin da zai fita, in hana ta komawa, ko za ta yi kuka har maƙwabta su buga bango. Zan ɗauki rikodar da kaset ɗin duka, in nuna wa likitar maɓallin, in ce "ɗaya" in yi shiru a gabanta ta ga ƙafafun sun tsaya. Na lura da tsakar rana suna rufe ƙofa su huta, layi ya watse, lokacin ne kuma barci yake kayar da yarinyar. Zan roƙi likitar, in ta ƙi in zauna a bakin ƙofar har ta gaji da ganina. In ta yarda, zan kwantar da yarinyar a gadon duba marasa lafiya, in jira minsharin ya kankama, in ja wa likitar kujera kusa da kanta. Ni kuma in fita baranda in ja ƙofa, in tsaya inda hannuna ba zai kai ba.